Sarkin da Bai Yi Ihu Ba

Da wata Hajiya 'yar Kano ba ta ga jiri a hawan Ƙal'a ba, da wataƙila har yau Rilwanu bai san akwai wata Sulafa a duniya ba.

Ƙal'a ita ce tsohuwar ganuwar sarakuna da ke kan tudu a Alƙahira, wadda in ka tsaya a bakin katangarta za ka hango birnin da hasumiyoyinsa har inda idonka ya gaji. Rilwanu ɗalibin fiƙihu ne daga Zariya. A unguwar Darrasa yake zaune, ɗaki ɗaya da wasu samari da Allah bai halicce su da rufe baki ba, shi ya sa ranar Alhamis yakan ɗauki littafinsa ya hau can ya yi bita.

Yana zaune ya ji an ce, "Wayyo jama'a, wa ke da ruwa?"

Hausa ce tsaf, amma da wata lanƙwasa a harshe da bai saba ji ba. Ya waiga ya ga wata doguwar yarinya cikin abaya mai ruwan toka, ta tallafi wata dattijuwa da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana yi mata fifita da 'yar tutar jagorar baƙi. Ya tashi da sauri ya miƙa gorarsa.

Da Hajiya ta farfaɗo har ta fara mitar tsadar tikiti, yarinyar ta juyo.

"Allah ya saka da alheri, ya Ustaz."

"Amin. Amma don Allah wannan Hausar ta wane gari ce?"

"Ta Omdurman ce," ta ce tana murmushi. "Kakanninmu sun taso daga Katagum za su hajji a ƙafa, suka tsaya hutawa a Sudan. Har yau hutawar muke."

Rilwanu ya yi dariya har littafin ya suɓuce masa. Daga wannan Alhamis ɗin, bitar fiƙihu ta zama suna kawai.

Sulafa ta karanta harkar yawon buɗe ido a Khartoum kafin yaƙi ya tarwatsa su. Ita da mahaifiyarta, Inna Bakhita, suna zaune a unguwar Arba wa Nus kusa da Kawu Zubairu, ƙanin Inna. Mahaifinta ya rasu a nan Masar. Aikinta shi ne zagayawa da baƙi Hausawa da suka zo asibiti ko saro kaya, kuma wallahi ta iya baki. In tana bayanin katanga sai ka rantse da ita aka ɗora tubalin.

In ta sallami baƙinta, sai ta zo ta tsaya ɗan nesa da shi a bakin katanga, su yi hira har a fara korar mutane. Shi yana ce mata Sarauniyar Ƙal'a, ita tana ce masa Ɗan Zariya.

Yakan rubuta mata:

"Sarauniya, yau malami ya tambaye ni sharuɗɗan ciniki, saura kaɗan na ce masa abaya mai ruwan toka. Ki ji tsoron Allah ki bar min kaina."

Ta amsa:

"Ma'alish, yi haƙuri ya Ɗan Zariya. In ka faɗi jarrabawa ka zo na ɗauke ka aiki, ka riƙa riƙe wa Hajiyoyi jaka."

Rilwanu ba mutumin wasa da 'yar mutane ba ne. Bai daɗe ba ya sa farar jallabiyarsa, ya sayi alawar basbusa, ya hau ƙaramar bas ta haya da suke kira mikrobas zuwa wurin Kawu Zubairu. Kawu ya karɓe shi hannu biyu, ya shiga ya yi magana da yayarsa, sai dai ya fito fuska ba walwala.

"Ɗana, ta ce ba yanzu ba."

"Kawu, ko akwai abin da aka gani a tare da ni?"

"Babu. Ta dai ce ba yanzu ba. Ka yi haƙuri."

Abin ya yi masa ciwo. Da an ce masa talaka ne, ko baƙo ne, da ya san inda zai kama. Amma "ba yanzu ba" ba ta da kai ba ta da ƙafa. Ya tambayi Sulafa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka ba Inna lokaci," idonta ya ciko.

A cikin waɗannan kwanakin ne ta fara kawo masa labarin wani dutse.

"Ɗan Zariya, ka taɓa jin Dutsen Cashel?"

"A wace unguwa yake?"

"Unguwa! A ƙasar Ireland yake. Duba."

Ta miƙa masa wayarta. Wani tudun dutse ne a tsakiyar fili kore shar, a samansa tsofaffin gine-gine masu ruwan toka da doguwar hasumiya mai kewaye, tumaki suna kiwo a ƙasa.

"Nan ne fadar sarakunan kudancin ƙasar tun zamanin da," ta ce. "Daga sama suna hango duk wanda ya nufo su. Daga baya wani sarki ya kyautar da dutsen gaba ɗaya ga malaman cocinsu, aka gina wuraren ibada a kai. Mutanen wurin har cewa suke Shaiɗan ne ya gatsi wani tsauni, ya tofar da abin da ya gatsa a nan."

"A'uzu billahi. Kuma mutane suke zuwa kallo?"

"Daga ko'ina a duniya. Motoci cike. Akwai wani ƙaramin ɗakin ibada a ciki da har yanzu ana ganin ragowar zanen da aka yi a bangonsa shekaru ɗaruruwa. Sanyi ne dai kawai a can, da ruwan sama ba dare ba rana. An ce mutum sai ya riƙa yawo da laima."

Alhamis ta gaba ma Cashel. Wadda ta biyo ta ma Cashel. Ta ba shi labarin shekarar da sojoji suka hau dutsen suka kashe mutanen gari da suka ɓuya a cikin cocin, a nan muryarta ta karye, don ita ma ta san gudu zuwa wurin da ake zaton ba za a taɓa mutum ba. Ta ba shi labarin yadda daga baya aka cire wa babban ginin rufi, aka bar shi sararin sama yana leƙa ciki. Har nisan garin daga babban birni ta gaya masa, da cewa akwai Musulmi a yankin.

Ni dai da ni ce Rilwanu, da na tsaya na tambayi kaina me ya haɗa yarinyar Arba wa Nus da nisan wani ƙauyen Turawa daga filin jirgi. Amma namiji in kishi ya shige shi, kunnensa ne yake fara toshewa.

Don kuwa a kusan duk hotunan akwai wani saurayi. Dogo, mai saje, da jar rigar sanyi, yana dariya a gaban hasumiya.

"Wane ne wannan?"

"Amjad ne, ɗan yayar Inna. A can yake, yana tuƙa motar masu yawon buɗe ido. Shi yake turo min."

Ɗan yayar Inna. Rilwanu ya zauna da 'yan Sudan, ya san yadda suke son haɗa 'ya'yan 'yan'uwa aure. Nan take ya haɗa lissafinsa shi kaɗai: ga dalilin "ba yanzu ba". Bai tambaya ba. Ya haɗiye, abin yana cin sa.

Wata Alhamis ta zo idonta a kumbure. Ta tsaya tana kallon birnin ta ce:

"Akwai wani labarin dutsen da ban ba ka ba. An ce wani babban malamin Kirista ya hau can zai shigar da sarki addininsa. Yana riƙe da sanda mai tsini a ƙasa. Yana cikin addu'a ya kafa sandar, ashe a kan ƙafar sarki ya kafa, ta huda shi. Sarki bai ce uffan ba. Sai da aka gama malamin ya ga jini, ya ce me ya hana ka magana? Sarki ya ce ya ɗauka hakan yana cikin ibadar."

"Kai, wannan sarki da wauta yake," Rilwanu ya ce a daƙile. "Ana huda ka ka yi shiru?"

"Wani lokacin wanda ya kafa maka sandar ba ka iya ce masa ya ɗaga, Rilwanu."

Ba ta taɓa kiran sunansa haka tsirara ba, amma ko wannan bai lura da shi ba. Daidai lokacin wayarta ta yi ƙara, sunan Amjad ya fito da hotonsa. Abin da ya daɗe yana dannewa ya ɓalle.

"Ɗauki mana! Ai na gaji, Sulafa. Kullum dutse, kullum Ireland. In ɗan'uwanki aka ajiye miki, ki faɗa min kai tsaye, ba sai kin riƙa karanta min tarihin garin mijinki ba. Khalas, shi ke nan, ki je ki auri dutsen da mai jar rigar gaba ɗaya."

Ta kalle shi kamar ya mare ta. Ya kwashi littafinsa ya sauka, bai waiga ba.

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta, ya karanta ya kife wayar. Sai ga wannan saƙon ranar wata Laraba:

"Ɗan Zariya, na roƙe ka da girman Allah ka zo Ƙal'a gobe bayan azahar. Ba ni da baƙi, kai kaɗai zan jira. Akwai abin da ba zan iya faɗa maka ba, amma ina so na gan ka. Ko ba za ka yi min magana ba, ka zo ka tsaya inda zan hango ka. Wallahi ban taɓa son kowa ba sai kai."

Ya karanta ya fi a ƙirga. Ya yi wanka, har ya sa takalmi. Sai zuciya ta ce masa, in ka je yanzu ta ga lagonka, bari ta ƙara mako ɗaya. Ya cire takalmin ya kwanta.

Allah sarki Sulafa. Ta tsaya a bakin katangar nan tun rana tana tsaka har masu gadi suka fara tafa hannu suna "yalla, yalla". Duk farar jallabiyar da ta ɓullo daga ƙofa sai ta juyo ta duba ko shi ne. Ita ce ta ƙarshe da ta sauka.

Da makon nasa ya cika, Rilwanu ya ga ya hukunta ta ya isa, ya kira. Layin a kashe. Ya sake kira da la'asar, a kashe. Washegari da safe ya hau mikrobas zuwa Arba wa Nus.

Ƙofar gidan a buɗe take. Ba labule, ba tabarma, wani mutum yana shafa wa bango fenti. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Sun yi tafiya. Mu ma da muke bango ɗaya sai da safe muka ga ba su."

Bai san yadda ƙafarsa ta kai shi shagon ɗinkin Kawu Zubairu ba. Kawu ya kalle shi sau ɗaya ya tura masa kujera.

"Zauna, ɗana. Sun tafi Ireland ranar Juma'ar da ta wuce. An ba su mafaka a can."

"Kawu, me ya sa ba wanda ya gaya min?"

"Ba a faɗin tafiya a wurinmu, kai ma ka sani, ku ma haka kuke yi a gida. Amma na Bakhita ya wuce na kowa. Shekarun baya an taɓa sa musu ranar tafiya irin wannan, mijinta ya yi murna ya gaya wa duk unguwa, har walima aka yi. Tafiyar ta rushe. Bai ƙara shekara ba ya rasu yana jira. Tun daga nan ta ce baki ne ya kama su. Da wannan ta taso, ta ɗora hannun Sulafa a kan Alƙur'ani ta sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, har kai. Kuma ta ji tsoron in aka ɗaura aure a tsakiya, lamarin ya sake rikicewa."

Rilwanu ya ce, "To Amjad fa?"

"Amjad me?"

"Ba shi za a ba ta ba?"

Kawu ya ajiye almakashi. "Subhanallahi! Amjad da ya sha nonon Bakhita tare da ita? Uwarsa ta yi jinya yana jariri, Bakhita ce ta shayar da shi. Yayanta ne na shayarwa. Kai da kake karatun fiƙihu, ka tambaya mana!"

A nan Rilwanu ya kifa kansa a kan teburin ɗinki ya yi kuka, kuka na gaske, irin wanda bai yi ba tun rasuwar kakarsa. Nisan gari daga filin jirgi, laima, Musulmin yankin, sarki da sanda a ƙafa. Yarinyar nan ta yi wata da watanni tana nuna masa inda za a kai ta ba tare da ta karya rantsuwa ba, shi kuma ya ce mata ta je ta auri dutse.

Kawu ya ba shi lambar Amjad. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, daga ƙarshe ya tura:

"Assalamu alaikum. Don Allah ka nuna wa Sulafa wannan. Sarauniya, na je gidanku na tarar ana fenti. Na gane komai, amma na gane a makare. Ba sarkin ne wawa ba, ni ne, da ina tsaye kusa da ke ban ga jinin ba. Ban cancanci amsa ba. Ki dai sani duk Alhamis ina Ƙal'a, a wurinmu, har a kore ni."

Amjad ya amsa da cewa ya nuna mata. Daga ita kuwa, shiru.

Haka sanyi ya shiga ya fita. Rilwanu ya rame, abokan ɗakinsa masu surutu har suka koyi yin ƙasa da murya. Duk Alhamis yana bakin katanga. In ya ji wani jagora yana bayani sai ya matsa gefe, don ba ya iya saurare.

A can kuma Sulafa ba ta da lafiya, ba kuma ciwon da likita zai gani ba ne. Tana zuwa ajin Turanci, tana dafa wa Inna abinci, tana cewa "tamam", wato lafiya lau, ga duk abin da aka tambaye ta. Saƙon Rilwanu ta haddace shi, amma duk lokacin da ta ɗauki waya sai ta tuna tsayuwar da ta yi a Ƙal'a, ta ajiye. Dutsen da ta cika kunnen kowa da shi bai fi tafiyar ɗan lokaci a mota daga gidansu ba, amma ta ƙi zuwa.

Ranar da rana ta ɗan leƙo, Amjad ya matsa ya kwashe su a mota. Suka hau tudun a hankali saboda gwiwar Inna. Ga hasumiyar, ga ginin da ba rufi, tsuntsaye suna shiga suna fita ta sama, ga kaburbura a cikin ciyawa, ga Turawa da 'yan Asiya ana ta ɗaukar hoto. Inna Bakhita ta riƙe baki.

"Ikon Allah! Ashe da gaske ne. To 'yar nan, ga dutsen naki. Yalla, ba mu tarihin."

Sulafa ta kalli bangon, ta kalli filin kore da ya miƙe har ƙarshen gani. Ta zauna a kan ciyawa mai laima.

"Inna, wanda nake ba wa labarin ba ya nan."

Ba ta ɗaga murya ba, hawaye ne kawai suke zuba. Inna ta tsaya a kanta tana kallonta. Ta fito da 'yarta daga yaƙi, ta fito da ita daga Masar, ta kawo ta inda ba harbi, amma yarinyar da take sa Hajiyoyi dariya a kan tudu ba ta iso tare da su ba. Ta goge ido da bakin mayafinta.

"Amjad, kira min Zubairu."

Sauran ya tafi yadda ya kamata. Mahaifin Rilwanu ya yi magana da Kawu daga Zariya, ya wakilta wani malamin Rilwanu a Darrasa. Kafin a sa rana, saƙo ya shigo wayar Rilwanu daga wata baƙuwar lamba:

"Ɗan Zariya, na tsaya har aka kore ni ranar nan. Ban yafe ba tukuna, sai ka zo ka roƙa da bakinka. Amma Kawu ya tambaye ni, na ce na yarda. Ka ci abinci, Amjad ya nuna min hotonka, ka zama kamar sandar malamin nan."

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, aka ɗaura auren Rilwanu da Sulafa a wani ƙaramin masallaci a Darrasa. Kawu Zubairu ne waliyyi. Ɗalibai 'yan Najeriya da 'yan Nijar da dattawan Arba wa Nus suka shafa fatiha, aka raba dabino. Ango yana nan, amarya tana wata duniya, kuma ba wanda ya san ranar da takardunsa za su fito.

Ana watsewa ya nufi Ƙal'a da babbar rigarsa, ya tsaya a wurinsu, ya kira ta a bidiyo. Ta ɗauka tana kan dutsen, da lalle a hannu, da laima, iska tana kaɗa mayafinta.

Suka kalli juna.

"Ki yafe min, Sarauniya."

"Na yafe, mijina," ta ce tana dariya tana kuka. "Tsaya na nuna maka. Ka ga hasumiyar? Ka ga inda aka cire rufin? Can ne ƙaramin ɗakin mai zane, ba zan shiga ba sai da kai."

"Ki ba ni tun daga farko. Wallahi yau ba zan katse ki ba."

Sai hoton ya girgiza, fuskar Inna Bakhita ta cika wayar, ta matso da ita har hancinta.

"Rilwanu."

"Na'am, Inna. Barka da Juma'a."

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya haɗa ku a ƙarƙashin rufi ɗaya, ya ba ku zuri'a ta gari. Na cuce ku ban sani ba, ku yafe min."

"Haba Inna, ba komai wallahi."

"To saurara da kyau. Duk ranar da tafiyarka ta fito, kada ka gaya wa kowa. Ko abokan ɗakinka, ko maƙwabci, ko mai shayi."

"To, Inna."

Ta juya ta kalli 'yarta da ke tsaye cikin yayyafi.

"Sai ita. Ita kam ka gaya mata tun ranar da ka sani."